Motar Ƙofa Biyu a Titin Kowa da Kowa

A watan Nuwamban 2023 kamfanin Audi ya ƙera motar TT ta ƙarshe a masana'antarsa da ke garin Győr na ƙasar Hangare, bayan shekara 25 ana yin ta. Mercedes ma ta daina 'yar ƙaramar SLC tun 2020. Masu saye a Turai da Amurka sun koma wa manyan motoci masu tudu. Mu kuwa a nan, yanzu ne idonmu ke ƙara sabawa da waɗannan ƙananan motoci masu ƙofa biyu, masu kwanciya a ƙasa, a Wuse da Maitama, a Nasarawa GRA ta Kano, har a ƙofar wuraren biki. Yawancinsu na hannu ne, an ci moriyarsu a can kafin su iso.

Ba na cikin masu ganin duk wanda ya sayi irin wannan mota ya lalace. Wanda ya nemi halaliyarsa, ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya fitar da zakka, yana da damar ya ji daɗin abin da Allah Ya hore masa. Kuma motar tana da daɗi, wannan ba a musu. Kana shiga sai ka ji kujera ta riƙe ka ta gefe da gefe, ƙafafunka a miƙe, sitiyari ɗan ƙarami mai kauri ya cika hannu. In ka juya shi kaɗan, motar ta juya nan take, babu tangaɗi, babu jinkiri. A Porsche Cayman injin yana bayan kujerar direba ne, tsakanin tayoyin gaba da na baya, shi ya sa nauyinta ya daidaita, take shan kwana ba tare da ta jirkice ba. Wanda ya san tuƙi zai gane cewa mutane sun zuba basira a wannan ƙarfe. Sha'awar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975 tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, haka ita ma 406 da har gobe take jigilar mutane tsakanin garuruwanmu.

Damuwata ita ce, an ƙera motar nan ne domin wani irin titi, wani irin mai, wani irin bakanike, kuma mai saye a nan ba safai yake lissafa wannan ba sai ta zama tasa.

A fara da ƙasa. Tsakanin cikin motar da kwalta bai wuce tafin hannu da 'yan yatsu ba. Duk tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da siminti, sai direba ya hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron ƙarar gogar bamba. Da damina, ruwan da Hilux za ta keta ba tare da direbanta ya lura ba, ita zai iya shiga injinta ya kashe shi. Tayoyinta sirara ne, roba kaɗan a kan babban ƙarfe, rami ɗaya a hanyar Zariya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfen. Da yawansu kuma ba sa zuwa da safaya taya.

Sai aljihu. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a 2024. Kowane shokozoba, kowace fitila, kowace 'yar na'urar da ke cikin motar nan da dala ko yuro ake sayo ta. Ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka neman kayan Corolla, kafin ka gama magana an ajiye maka kala uku. Ka nemi na TT, za a ce maka sai an yi waya kasuwar Ladipo, in ba a dace ba sai an yi oda daga Dubai ko Jamus. Motar tana kwance a gareji, ƙura tana hawanta, mako yana bin mako. Bakaniken da ya ƙware a Fijo da Honda mutum ne mai daraja a sana'arsa, amma wannan sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, kuma lalube a cikinta tsada yake jawowa.

Duk wannan asarar mai mota ce, shi ya ga zai iya. Akwai abin da ya fi taɓa ni. A garuruwanmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da sunansa ne a takarda. Ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta kama matar maƙwabci. Ita ke ɗaukar dattawan layi zuwa jana'iza da ɗaurin aure. Ita ke dawo da buhun masara daga ƙauye bayan kaka. Motar ƙofa biyu ba ta yin ko ɗaya. Cayman kujera biyu ce tak. TT tana da kujerar baya, amma ta yara ƙanana ce, babba ba zai miƙe wuyansa a ciki ba. Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta iya durƙusawa ta shiga ba, in ta shiga ma fitowa aiki ne. Saurayin da ya tattara duk abin da ya mallaka ya saye ta a matsayin motarsa ɗaya tilo, ya cire kansa daga wannan zumunci, ko bai yi niyya ba. Ranar da mahaifiyarsa za ta je asibiti, sai ya tare mata a-daidaita-sahu alhali motar miliyoyi tana ƙofar gida. A ganina, in za a saye ta, ta zama ta biyu, bayan akwai wadda ke ɗaukar mutane.

Sannan maganar rai. Audi TT RS tana tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa ita ce kilomita 100 a babbar hanya ga ƙananan motoci, 50 a cikin gari. Wato cikin daƙiƙa huɗu motar ta cinye duk abin da doka ta yarda da shi, ga sauran ƙarfi tuli yana jiran ƙafar direba. A gudun 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In aka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Su kansu masu ƙerar sun ɗanɗana: TT ta farko ta yi munanan haɗurra a gudu mai tsanani, har Audi ta janye motocin ta ƙara musu fiffike a baya da na'urar daidaita tafiya. Wannan a Turai ke nan, inda babbar hanya take da shinge, babu mai tsallakawa da ƙafa. Bajamushen da ke son gwada motarsa yana iya biyan kuɗi ya shiga filin tsere na Nürburgring, ya yi zagayen kilomita 20 da 'yan kai, babu mai talla, babu ɗan makaranta.

Namu titin na kowa ne. Akwai almajiri da kwanonsa, akwai yarinya mai tallan gyaɗa, akwai mai kura da jarkokin ruwa, akwai garken shanu. A kan wannan titin ake wasan mota ranar kai amarya, taya na hayaƙi, yara sun yi da'ira suna ihu, tsakaninsu da bamba taku biyu. Idan sitiyari ya ƙwace, ba mai motar ke fara mutuwa ba, shi yana da bel da jakar iska. Ɗan talakan da ya zo kallo ne. Daga nan sai a taru a ce ƙaddara ce, a roƙi iyaye su yafe. Mun yarda da ƙaddara, amma ganganci sunansa ganganci, kuma wanda ya saya wa yaro ɗan shekara ashirin irin wannan mota ba tare da ya koya masa nauyinta ba yana da kaso a cikin alhakin.

Ina roƙon Alhazan da ke da sha'awar motocin nan, kuma suna da hali, su haɗa kuɗi su nemi fili a bayan gari, a shimfiɗa kwalta, a kewaye shi, a ajiye motar asibiti da malamin tuƙi. Gwamnatocin jihohi su ba da filin, su kuma hukunta duk wanda ya mai da titin unguwa wurin tsere, ko ɗan wane ne. Iyayen ango da na amarya kuma, ku faɗa wa abokan ango tun kafin ranar cewa ba ku yarda a yi wasan mota a bikin 'ya'yanku ba.