"Kawu, Foka Ba Caca Ba Ce"

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na tsaya wurin wani mai shayi a Gyadi-Gyadi, sai na tarar da ɗan ƙanwata, wanda ɗalibin jami'a ne, ya duƙufa kan waya. Da na leƙa sai na ga karta. Kafin in buɗe baki ya riga ni: "Kawu, wannan fa ba caca ba ce, foka ce, wasan lissafi." A matsayina na mai nazarin harshe, nakan tsargu duk lokacin da aka sauya wa tsohon abu suna.

Sai dai adalci ya sa na zauna na bi ƙa'idar wasan, kuma lallai akwai lissafi a ciki. A nau'in Teksas, wanda ya fi yaɗuwa a intanet, ana raba wa kowa karta biyu daga cikin 52, kuma darasin farko ga ɗan koyo shi ne auna ƙarfin waɗannan biyun kafin ya zuba ko sisi. Hanyoyin haɗuwarsu 1,326 ne, waɗanda ke dunƙulewa zuwa iri 169. Mafi ƙarfi shi ne as biyu, sai sarki biyu, mafi rauni kuwa bakwai da biyu masu zane daban. As biyu na zuwa wa mutum sau 1 ne cikin rabo 221, kuma ko da ya zo, nasararsa kusan kashi 85 cikin 100 ce a kan mutum ɗaya. Idan mutum tara suka bi shi har ƙarshe, sai ta faɗo zuwa kusan 31. Hatta wurin zama yana da tasiri, domin wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga take-taken sauran. Saboda haka ne ƙwararru ke zubar da kusan huɗu cikin kowane rabo biyar ba tare da sun shiga ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Na ce masa ya buɗe mini tarihin wasansa. Cikin rabo 20 na ƙarshe, sau 3 kacal ya janye. Wato lissafin da yake kafa hujja da shi yana ce masa zauna, shi kuwa yana shiga. Mai karatu ya lura kuma cewa ribar gwani daga aljihun irin wannan yaro take fitowa, sannan masu shafin suna cire la'adarsu daga kuɗin da aka tara, ta yadda jimillar 'yan wasan kullum da asara suke tashi. Gwaninta tana sauya wanda zai yi kuka ne kurum, amma dukiyar wani ce ake ci bisa faɗuwar karta, abin da aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haramta.

Da na matsa masa, sai ya koma ga kalmar da na san za mu ƙare a kanta: sa'a. Asalinta Larabci ne, ma'anarta lokaci, shi ya sa Bahaushe ke jin cewa tasa na tafe, jira kawai zai yi. Karta kuwa ba ta tuna rabon jiya, asara goma ba ta kusantar da nasara ta sha ɗaya.

Tun shekarar 2000 dokar Shari'a ta haramta caca a Kano, kuma a 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Ban raina wannan ƙoƙari ba, amma kwaɗo ba ya rufe waya. Ra'ayina shi ne malaman lissafi da na Hausa mu haɗu mu koyar da ilimin yiwuwar aukuwa cikin harshen da yaro ke tunani da shi, da alƙaluma irin waɗannan, tun daga sakandare, domin wa'azi ya samu abokin tafiya.

Abin da ya salwanta a hannun yaron naira 40,000 ne daga kuɗin rajistarsa, waɗanda mahaifiyarsa ta tara da adashe a Tarauni. Na ba shi zuwa Juma'a ya gaya mata da bakinsa, in ba haka ba ni zan je.