'Yan Filifin a Faransa: Bashin zumunci da ƙaƙa-ni-ka-yin takardu

A watan Janairun 2025 ne Bruno Retailleau, ministan harkokin cikin gidan Faransa na wancan lokaci, ya tsaurara sharuɗɗan bai wa baƙin haure takardar zama, inda ya ce zaman aƙalla shekara 7 a ƙasar na cikin muhimman abubuwan da za a duba.

Cikin waɗanda matakin ya shafa har da matan Filifin masu aikatau da renon yara a unguwannin attajirai na yammacin Paris. Da dama daga cikinsu sun bar 'ya'yansu ne a hannun kakanni, suna aika kuɗin makaranta duk wata. A al'adarsu wannan bashin alheri ne da suke kira utang na loob, wanda ba a gama biyansa.

Tun 1974 gwamnatin Manila ke ƙarfafa fita ci-rani, kuma a 2023 kuɗin da aka aika gida ya haura dala biliyan 37. Sai dai wadda ba ta da takarda ba ta iya zuwa gida ko da jana'izar mahaifiyarta, domin in ta fita, da wuya ta samu hanyar dawowa.