Malesiya: Yadda aikin lauyoyin da ke kare kamfanoni ya sauya

A Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, lauyan da ke tsaya wa kamfani a shari'ar korar ma'aikaci yakan shiga kotu da kaya a kansa, domin kamfanin ne doka ta ɗora wa nauyin tabbatar da cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin sallamar.

Dokar hulɗar ma'aikata da kamfanoni ta 1967 ta ba wanda aka kora kwana 60 ya shigar da ƙorafi. Akan fara da zaman sulhu, wanda ba a barin lauyoyi su shiga. A da, idan sulhu ya ci tura, ministan ƙwadago ne ke da wuƙa da nama kan ko maganar za ta kai Kotun Ma'aikata. Daga 1 ga Janairun 2021 aka janye wannan iko, yanzu ƙarar na wucewa kotu kai tsaye. Kamfanin da ya sha kaye kan iya biyan albashin baya har na wata 24, ban da diyya.

Wannan ya sa ƙwarewar lauyan ta koma kan abin da ke faruwa tun kafin kora: an ba ma'aikacin takardar gargaɗi? An saurari ba'asinsa? An rubuta komai? Sau da yawa a fayil ɗin ofis ake cin shari'a ko a faɗi.

Gyaran dokar aiki da ya fara aiki a Janairun 2023 ya ƙara musu ɗawainiya. Sa'o'in aikin mako sun ragu daga 48 zuwa 45, hutun haihuwa ya tashi daga kwana 60 zuwa 98, kuma tilasta wa mutum aiki ya zama laifi a ƙarƙashin dokar.

Sai dai darasi mafi tsada daga Amurka ya zo. A Yulin 2020 hukumar kwastam ta ƙasar ta hana shigar da safar hannun kamfanin Top Glove bisa zargin aikin tilas, a lokacin da annobar korona ta sa duniya ke rububin kayan. Kamfanin ya ware ringgit miliyan 136 don mayar wa baƙin ma'aikata kuɗin da dillalai suka karɓe musu, aka ɗage takunkumin a Satumban 2021. Tun daga nan, lauyan da bai leƙa ɗakunan kwanan ma'aikata ba, bai kuma tambayi wa ke riƙe da fasfonsu ba, bai gama yi wa kamfaninsa aiki ba.

Duk da haka ma'aunin bai daidaita ba. Izinin zaman lebura daga Bangladesh ko Nepal a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauke shi. Idan aka kore shi aka soke izinin, yakan bar ƙasar tun kafin kotu ta sa ranar sauraron ƙararsa.