Tun ran gini ran zane: abin da ya kamata ɗalibi ya koya gaban kwamfuta

A makarantun da ake horar da magina, injiniyoyi da masu tsara kayan aiki, allon zane da fensir sun ba na'ura mai ƙwaƙwalwa wuri, watau kwamfuta. Daga cikin darussan da ake yi da ita akwai wanda Turawa ke kira parametrik, ma'ana zane mai ɗaurarren awo. Zancen ya shafi kowace makarantar fasaha, tun daga lise ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, har makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, da ta tsara gine-gine ta EAMAU a birnin Lome, inda ƴan ƙasashen Afirka da dama ke karatu. Na'urori da manhajojin wannan darasi suna cin kuɗi masu yawa. Saboda haka ya dace mai sa hannu a takardar saye, da uban da ya tura ɗansa lakkwal, su san abin da ake nema a ƙarshen karatun.

To, mene ne zane mai ɗaurarren awo? Tela gwani ba ya haddace awon kowane mutum. Abin da ya riƙe shi ne yadda faɗin riga ke bin faɗin kafaɗa, da yadda wuya ke bin girman mai riga. Da ya auna mutum wuri uku ko huɗu, sauran duka sun fito. Haka wannan zane yake. Mai zane yakan gaya wa kwamfuta awon da ke kan gaba, sa'an nan ya ɗaura sauran a kansu da ƙa'ida: wannan rami ya zauna tsakiyar ƙarfe, wannan layi ya yi daidai da wancan, kaurin bango ya bi tsayinsa. In aka canza awo guda, sura duka sai ta gyara kanta.

Matakalar bene ta isa misali. A shekarar 1675 wani masanin gini na Faransa, François Blondel, ya shimfiɗa ƙa'idar da magina ke bi har yau: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya yi daidai da takun mutum, wanda yanzu ake ɗauka tsakanin santimita 60 da 64. In tsayin bene santimita 306 ne, aka zaɓi mataki mai tsayin santimita 17, za a sami matakai 18, faɗin kowane santimita 29, jimillar ƙa'ida 63 ke nan. Ana cikin haka sai mai gida ya ce a ɗaga bene zuwa santimita 340. Ɗalibin da ya zana matakai 18 ɗaya bayan ɗaya, tilas ya share ya soma daga farko. Wanda kuwa ya rubuta ƙa'idar cikin zanensa, lamba guda zai canza, matakai su koma 20 nan take. A fuskar kwamfuta zanen mutanen nan biyu kamarsu ɗaya. Ranar gyara ce ke raba su.

Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Tun shekarar 1963 wani ɗalibi, Ivan Sutherland, ya nuna a makarantar MIT ta Amurka manhajar Sketchpad, wadda ke riƙe dangantaka tsakanin layuka. A 1982 AutoCAD ta fito, ta kai zane ga ƙananan kwamfutoci. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin PTC ya fitar da Pro/ENGINEER, wadda ta shigar da ɗaurarren awo cikin masana'antu. SolidWorks ta biyo a 1995, kamfanin Dassault Systèmes na Faransa ya saye ta a 1997. Revit ta masu gini ta zo a shekarar 2000, Grasshopper kuma a 2007. Mai karatu zai lura da abu guda: sunaye na zuwa suna wucewa, wuraren dannawa na sauyawa kowace shekara, amma tunanin ɗaura awo kan awo yana nan yadda yake.

Don haka darasin da ya tsaya ga haddar inda ake dannawa ya ba ɗalibi guzurin da ba ya kai shi nesa. Kura-kuran sabon hannu sanannu ne, kuma dukansu na tunani ne. Na farko, ya cika zane da lambobin da ba su san juna ba, ya rubuta 50 nan, 25 can, alhali abin da yake nufi shi ne na biyun rabin na farko ne. Na biyu, ya bar layi sake babu abin da ya riƙe shi, ko kuma ya ɗaure shi da ƙa'idodi biyu masu karo da juna. Na uku, ya manta cewa manhaja tana tuna jerin aikin da aka yi: in ya huda rami a kan wata fuska, daga baya ya kawar da fuskar, ramin ya rasa mazauni, duk abin da aka gina kansa ya rushe. Saurin hannu ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai matakai uku da masu tsara karatu za su iya ɗauka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da farko, kafin ɗalibi ya taɓa na'ura, ya rubuta a takarda awon da ke jagora da waɗanda ke bi, da dalilin kowane. Na biyu, a sake yadda ake jarrabawa. Maimakon malami ya duba kyan hoto ya ba da maki, sai ya zauna gaban zanen ɗalibi ya canza awo biyu ko uku. In sura ta gyaru lafiya, ɗalibi ya ci. In ta wargaje, da sauran karatu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na uku, a kai zanen wurin aiki, a ba kafinta ko mai walda ya ƙera abin. Can ne ɗalibi zai gane cewa ƙarfe da katako suna zuwa kasuwa da awonsu, kuma kwamfuta tana karɓar lambar da maƙeri ba ya iya bugawa.

Wasu za su ce kamfanoni suna neman wanda ya iya manhaja kaza da sunanta, don haka ita ya kamata a koyar. Maganarsu tana da gaskiya a ciki, kuma lalle ɗalibi ya ƙware a manhaja guda sosai. Amma wanda ya fahimci ƙa'ida, sauya manhaja gare shi kamar direba ne da ya sauya mota. Wasu kuma za su ce ɗaura awo na cin lokaci. Haka ne, in abu guda za a zana, wanda ba za a sake taɓawa ba, zanen hannu ya wadatar. Sai dai aikin gomnati ba kasafai yake haka ba. Azuzuwa, ɗakunan shan magani, magudanan ruwa da teburan ƴan makaranta, duka sura guda ce ake maimaitawa da awo dabam-dabam, gwargwadon wuri da yawan jama'a. Nan ne wahalar ranar farko ke biyan kanta.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Tun shekarar 2016 kamfanin Autodesk, mai AutoCAD da Revit, ya daina sayar da sabon izinin amfani na dindindin, sai haya ta wata ko ta shekara. Izinin da ake ba ɗalibai kyauta ko da rahusa na karatu ne, ba a yarda a yi sana'a da shi ba. Matashin da ya gama karatu ya buɗe ɗan ofishinsa a Damagaram ko Tawa zai ci karo da wannan katanga. Amma akwai FreeCAD, manhajar da aka soma a 2002, wadda fitowarta ta 1.0 ta zo a watan Nuwamba na 2024. Kyauta take, tana aiki ko babu intanet, kuma ta isa a koyi ɗaurarren awo da ita. Ba ta kai manyan na kasuwa a kowane fanni ba, amma makarantar da ta soma da ita tana iya juya kuɗin haya wajen horar da malamai da samar da wutar da ba ta yankewa a ɗakin kwamfuta.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mai zanen kwamfuta ma tun layin farko yake shirya wa gyaran da zai zo. Jami'in da ya kai ziyara ajin zane, kada ya tsaya ga ƙirga na'urori da kallon hotunan da aka manna a bango. Ya roƙi ɗalibi guda ya ɗaga tsayin benen da ya zana, ya tsaya ya ga abin da zai sami matakala.