Gwaninta Daban, Amana Daban

Akwai manhajojin kwamfuta da ake rubutawa a fili, watau kowa na iya duba cikinsu, ya gyara, ya yi amfani da su kyauta. Kamfanoni da yawa kan ɗauki ma'aikaci bisa aikin da ya nuna a irin waɗannan manhajoji. Wannan daidai ne, amma bai isa ba.

A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara taimaka wa manhajar XZ Utils, wadda ke matse fayil a kwamfutoci masu Linux. Aikinsa ya yi kyau. Mai kula da ita kuwa, Lasse Collin, aikin sa kai yake yi, ga gajiya, sai ya ba shi amana. A watan Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura da jinkirin rabin daƙiƙa wajen shiga kwamfuta, ya bi sawu, ya tarar da ɓarauniyar ƙofa da aka dasa da sunan Jia Tan.

Lalle ne kamfanonin da ke cin moriyar wannan gumi su biya masu kula da manhajojin, kada kuma gyara ya wuce sai mutum biyu sun duba. Ko a kasuwa, ba a ba baƙo mabuɗin shago sai da wanda ya tsaya masa.