Kura da Shan Bugu: Suleja Tsakanin Minna da Abuja

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya zauna a bakin rafin Iku, ya ga yadda Suleja take tashi tun kafin asuba ta ɗunguma zuwa Abuja, sa'an nan ta dawo bayan isha a gajiye, ba ya bukatar a fassara masa wannan karin magana. Abin da muke so mu faɗa a wannan muƙala abu ɗaya ne: garin da ba ya ba da labarin kansa, ba ya kuma da abin da ke tara mutanensa wuri guda, to 'yan siyasa ba su da dalilin jin tsoronsa, kome yawan jama'arsa kuwa. Wannan ita ce cutar Suleja, kuma maganinta yana hannun 'ya'yanta.

Tushen Magana

Kafin a yi Abujar da duniya ta sani a yau, akwai Abuja ta asali. Bayan da mayaƙan jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ya yiwo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gwari da Koro. Ƙanensa Abu Ja shi ne ya kafa gari a bakin Iku a shekarar 1828, garin kuwa ya ci sunansa. Wannan gari bai ciwu da yaƙi ba har zuwan Turawa a 1902, shi ya sa har gobe sarkinsa yake amsa sunan Sarkin Zazzau. A nan ne Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi sunan da ya kai hotonta bayan takardar naira 20.

A ranar 3 ga watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,000 domin gina sabon babban birnin tarayya. Kaso mafi tsoka na ƙasar nan daga sabuwar Jihar Neja aka yanko shi, jihar da ita ma a ranar aka haife ta. Ba a tsaya ga ƙasa ba, har sunan aka ɗauka, tsohon gari kuwa aka laƙaba masa Suleja domin girmama Sarki Sulaimanu Barau. A Suleja ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka sauka, daga nan suke fita safiyo da share daji. Ran 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, amarya ta shiga ɗakinta, aka bar wadda ta yi mata jere a bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Tsadar haya a cikin birnin, da rushe-rushen da aka yi ta yi musamman tsakanin 2003 da 2007, su suka koro ƙananan ma'aikata da direbobi da magina da 'yan tireda zuwa Suleja da Madalla da Kwamba da Gauraka. Da rana ƙarfinsu na Abuja ne. Da dare kuwa ruwan da za su sha, da asibitin da matansu za su haihu, da ajin da 'ya'yansu za su cunkusu, da sharar da za su zubar, duk na Suleja ne. Abuja ta ce su ba nata ba ne, tun da a wata jiha suke kwana. Minna kuwa tana can kimanin kilomita 100, tana yi wa garin kallon wanda ya riga ya ƙoshi a gidan maƙwabta.

Siyasar Jiha

Tun daga 1999 Jihar Neja take tafiya bisa tsarin karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyinta uku. Abdulkadir Kure na Lapai ya yi shekara 8, Mu'azu Babangida Aliyu na Minna ya yi 8, Abubakar Sani Bello na Kontagora ya yi 8, sa'an nan Muhammad Umaru Bago na Bida ya hau a 2023. Masu kare tsarin suna cewa shi ya hana Nufawa da Gwarawa da Hausawa da Kambari cin naman juna, mu ma ba mu musa wannan ba. Sai dai tsarin yana da wani aibi da ba a son faɗi. Idan tun kafin a kaɗa ƙuri'a an san shiyyar da za ta ci, to zaɓen na haƙiƙa a ɗakin manyan jam'iyya aka gama shi, kuma ɗan takara ba ya bukatar ya zo kasuwar Suleja ya yi bayanin abin da zai yi wa magudanun ruwa. Suleja tana cikin shiyya ɗaya da Minna, saboda haka ko yayin shiyyar ya zagayo, babban birnin jiha ne a gaba. Rabon da ɗan Suleja ya zama zaɓaɓɓen gwamna tun Alhaji Awwal Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983.

Wani zai ce ai talaucin jiha ne. To bari mu duba. Dokar harajin albashi a Nijeriya ta ce jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da harajinsa, ko da a wani wuri yake aiki. Ashe ke nan duk ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana aiki a Abuja, harajinsa haƙƙin Jihar Neja ne. Tambayarmu ita ce: nawa ake karɓowa, nawa ake bari a can, nawa ne kuma yake dawowa garin da ya ɗauki nauyin masu biyansa? Mutum nawa ne a Suleja suka taɓa ganin amsar wannan tambaya a rubuce?

Idan muka leƙa Amurka za mu ga yadda maƙwabtaka da babban birni take zama arziki. Jihohin Baginiya da Meriland su suka ba da ƙasar da aka gina Washintan bayan dokar 1790. Mutanen garin Alekzandiriya, da suka ga an haɗa su da sabon birni amma ba su ga amfaninsa ba, sai suka yi ta kai kuka majalisa har aka mayar da su Baginiya bisa dokar 1846. Dalilansu ba duka ne masu tsabta ba, domin har da son kare cinikin bayi, amma dai sun san ƙofar da ake bugawa. A yau mazaunin Baginiya ko Meriland da ke aiki a Washintan jiharsa yake biya wa harajin albashi, gundumomin da ke kewaye da birnin kuwa suna cikin mafi arziki a duk ƙasar. Hatta ƙungiyar ƙwallon Amurka mai ɗauke da sunan Washintan, tun 1997 a Meriland filinta yake. Can maƙwabci ya ci albarkacin maƙwabci, nan kuwa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Labarin Gida

Mai karatu ya tuna lokutan da sunan Suleja ya hau shafin farko na jaridun ƙasa. Ran 8 ga Afrilu, 2011, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe, ya hallaka mutane har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ranar Kirsimeti ta shekarar aka kai hari cocin Katolika na Madalla, fiye da mutum 30 suka rasu, aka kuma sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci. A watan Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, wanda aka gina tun zamanin Turawa, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A watan Janairun 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, nan kusa, ta ƙone fiye da mutum 80. Kowane karo 'yan jarida sun zo daga Abuja da kyamarorinsu, sun ƙidaya gawa, sun koma kafin magariba.

Katangar gidan yari ba a dare ɗaya take ruɓewa ba. Gidajen da ambaliya ke ci a bakin Iku ba aljanu suka ba da filayensu ba. Hanyar Suleja zuwa Minna, wadda Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2010, ta haura shekara 10 ba a gama ta ba, manyan motoci suna ta faɗuwa a kanta. Waɗannan duk labarai ne tun kafin su zama makoki, amma labarai ne masu bukatar wanda zai zauna a zauren ƙaramar hukuma ranar da ake karanta kasafin kuɗi, ya rubuta abin da aka ce, ya dawo bayan wata shida ya tambayi inda aka kwana. Wakilin da aka aiko daga nesa ba zai yi wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba kuma za mu jira kafafen gwamnatin jiha su yi mana ba, domin ba a sa kare gadin nama. Masu zaman kansu ma sun ga abin da ya faru a watan Agustan 2025, sa'ad da Gwamna Bago ya ba da umurnin rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna bisa zargin tunzura jama'a, alhali kuwa ikon ba da lasisi da janye shi yana hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukuncin da babu mai bin sawunsa kuwa, takarda ce kawai a cikin durowa.

Abin kunyar shi ne, wannan jiha ce ta haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, mutumin da ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafuwarta a 1939, ya nuna cewa ana iya yi wa hukuma tambaya da Hausa cikin ladabi, ta kuma amsa. Mu da muke karanta shi a aji domin cin jarrabawa, ina namu kwabon?

Fagen Wasa

Wani zai yi mamakin abin da ya kawo ƙwallo cikin wannan magana. Dalilin shi ne, Suleja ta yau gari ne na baƙi da 'yan gida, Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bayarabe da Inyamuri, kowa da masallacinsa ko cocinsa, kowa da ƙungiyar garinsu. Wurin da za su zauna kafaɗa da kafaɗa su yi ihu da murya ɗaya, su ce "namu", shi ne bakin fili. Kano ta san wannan, domin Kano Pillars da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta haɗa Fagge da Sabon Gari fiye da yadda jawabin kowane ɗan siyasa ya taɓa yi.

Jihar Neja tana da Niger Tornadoes, wadda ta ci Kofin Ƙalubale a shekarar 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017, inda Akwa United ta yi nasara a bugun fenariti. Amma ƙungiyar ta Minna ce, kuɗinta daga aljihun gwamnati yake fitowa. Da filin Bako Kontagora ya shiga jiran gyara, sai da ta yi zaman haya a Lokoja, daga baya kuma a Kaduna, domin a jihar da ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya ba a sami fili na biyu da za a koma ba. A can gefe kuma ga katafaren filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, mai cin 'yan kallo kimanin 60,000, yana yini shiru yawancin ranakun shekara. Tsakanin waɗannan biyu yaran Suleja suna buga ƙwallo a filayen makarantun firamare, filayen da ake gutsura kullum ana kafa shaguna. Da yamma kuwa su cika gidajen kallo, su yi rigima a kan Arsenal da Manchester United. Saurayin da ya haddace sunayen 'yan wasan Landan goma sha ɗaya, ka tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsa ka ga yadda zai sosa ƙeya. Waɗannan samari su ne 'yan siyasa suke tunawa da su duk bayan shekara 4, a raba musu riguna da ƙwallo ɗaya mai ɗauke da hoton ɗan takara.

Kammalawa

Ba muna kira a dawo mana da suna ko ƙasa ba ne. Abuja ta zama ta Nijeriya duka, mun kuwa yi alfahari da haka. Kiranmu ga gwamnatin jiha shi ne ta buga, shekara-shekara, abin da ta tara daga Suleja da abin da ta kashe mata, ta kuma killace filayen makarantu kafin su ƙare. Kiranmu ga attajiran garin, waɗanda suka yi kuɗi da filaye da gidajen haya, shi ne su haɗa hannu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi su kafa ƙungiyar ƙwallo ta gari wadda ba ta jiran sa hannun gwamna, su kuma raya dambe da kokawa da langa tsakanin unguwanni.

Kira mafi nauyi kuwa a kanmu yake, mu ɗalibai da malaman Hausa. An koya mana ƙa'idar rubutu da fassara da dabarun hira da mutane. Ɗalibi biyar da wayar hannu sun isa su fitar da takarda mai shafi 4 kowane mako, wadda za ta faɗi abin da aka zartar a majalisar ƙaramar hukuma, da rijiyar burtsatsen da ta mutu a Iku ko Maje, da sakamakon wasan Kurmin Sarki da Magajiya. A karanta ta a tasha da teburin mai shayi, a tura ta ta WhatsApp ga wanda ya yi nisa. Ranar da ciyaman ya tabbata cewa abin da ya faɗa ran Talata za a karanta shi a kasuwa ran Juma'a, ranar zai fara auna maganarsa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.