Wuƙar Aljihu: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Duba

Wuƙar da kakanninmu su ke ɗaurawa a damtse tana da kube. Wuƙar aljihu kuwa ƙotarta ita ce kubenta, ruwan ya lanƙwashe ya shige ciki. Lalle wannan dabara ce mai kyau, amma inda dabarar ta ke, nan hatsarin ya ke, gama wuƙar da ke naɗewa cikin aljihu tana iya naɗewa bisa yatsa.

Saboda haka ni a ganina, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, abin dubawa na fari shi ne abin da ke riƙe ruwan in an buɗe. A 1890 wani Bafaranse, Joseph Opinel, ya soma ƙera wuƙarsa a ƙasar Savoie, ruwa ɗaya da ƙotar itace. A 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe a wuya, wanda in an murɗa shi sai ruwan ya kafe, ba ya rufewa sai mai ita ya so. Zoben nan ya fi kowane ado amfani.

Na biyu, kada yawan baki ya ruɗe ku. Wuƙar da Karl Elsener ya soma ƙera wa sojan Suwizalan a 1891 abu huɗu ne kurum gare ta: ruwa, da basilla, da mabuɗin gwangwani, da abin kwance dunƙulen bindiga. Kowanne da aikinsa. Waɗansu na yanzu kuwa sai ka ga baki ashirin, ga nauyi, ga kauri, su cika tafin hannu, su huda aljihu, alhali mai su fiƙe fensir da fere rake kaɗai ya ke yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na uku, ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana saurin wasuwa, amma yana tsatsa in an bar shi da ruwan lemo. Ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913, ya fi dacewa da wanda ba shi da haƙurin gogewa.

Wani zai ce mai araha ma tana yanka. Gaskiya ne, amma ku girgiza ruwanta tukuna. In ya yi lakwaf-lakwaf a ƙusa, ku ajiye. Kuɗi in sun tafi a kan sami waɗansu, yatsa kuwa ba ya tofowa.